Tankin Da Ba Ya Raguwa

Tun daga ƙofar rumfar warin ya tare ni, warin fitsarin ɓera da zafi ya dafa. A nan yayana Fergus yake ajiye tsohuwar kwamfutar da ke lura da ruwan shanunmu. Rijiyar burtsatse da tankinta suna can ƙarshen gona, tafiya mai nisa ko a mota, shi ya sa bara na rubuta wa kwamfutar 'yan layukan umarni. Ta riƙa tambayar ma'aunin tanki ta wani ɗan rediyo da aka jona a bayanta da waya. In ruwa ya yi ƙasa, ko ma'aunin ya yi shiru, ƙararrawa ta yi kuka a kicin.

Hutu kawai na zo daga birnin Toowoomba. Amma allon kwamfutar yana ta cewa tanki cike yake taf, ana tsakiyar fari, kuma lambar ba ta ko motsi. Da na yi magana, Fergus ya ce in bar shi ya gasa namansa, ai abin da na haɗa ne yake aiki lafiya.

Na janyo kwamfutar daga bango. Ɓeraye sun yi sheƙa a bayanta, ga kashi ko'ina, ga jajayen 'ya'ya marasa gashi suna mutsu-mutsu a kan ramin da wayar ke shiga. Wayar kuwa sun gaigaye ta ta tsinke, har bakin ya yi tsatsa. To wa yake ba da amsar?

Na toshe hanci na buɗe umarnin. An ƙara layi ɗaya wanda ba nawa ba: in ma'auni ya yi shiru, a maimaita amsar ƙarshe.

"Yaya, kai ka taɓa min wannan?"

"Ƙararrawarki ce ta ishe ni, Noeleen. Ina kallon wasan kurket a talabijin sai ta hau ihu, in zo in tarar waya ce kawai ta yi sako-sako. Wani a gidan giya ya nuna min yadda ake rufe mata baki."

Ko kunya babu, yana faɗa yana lasar maiƙo a yatsa. Wallahi ɓerayen sun fi ba ni sha'awa. Na tambaye shi rabonsa da zuwa rijiyar, ya kasa tunawa.

Muka shiga mota muka nufi rijiyar. Tun kafin mu hango tankin muka ga hankaki sun yi baƙi a kan shinge, sannan iska ta kawo mana wani wari wanda na rumfar bai kama ƙafarsa ba. Fergus ya taka birki ya ƙura wa kwamin shan ruwan ido, busasshe ƙayau, shanu kwance kewaye da shi.

"Amma allon ya ce a cike yake," ya ce a hankali.

"Kai ka gaya masa ya ce haka."