Uwar Sharhi

Keken ɗinki na gudu, wayar da ke kan tarin yaduka ta yi ƙara. Nan take ta ɗage ƙafa, ta bar hannun rigar mutane a maƙale ƙarƙashin allura. Sabon shafi ya sauka.

A zauren masu karatu na waya, Uwar Sharhi ake kiranta, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Littafi ko yau ya fito, kafin la'asar ta feɗe shi har wutsiya cikin layi biyar. Marubuta na tsoron bakinta. Ita kuwa, wallahi, daɗin abin take ji.

Labarin da ya tashi kan zauren a watan nan wata sabuwar marubuciya ce ke sako shi kaɗan-kaɗan, ba suna ba hoto, sai laƙabin 'Yar Tsako. Labarin wata yarinya ne da ƙanen mahaifinta ke lalata da ita a ɗakinsa na ƙofar gida. Al'adar zauren ce marubuciya ta tambayi masu karatu inda labari zai nufa, sharhin da ya fi samun goyon baya shi za a bi. Makon jiya 'Yar Tsako ta tambaya: yarinyar ta faɗa wa mahaifiyarta, ko ta yi shiru?

Uwar Sharhi ba ta ɓata lokaci ba ta rubuta: "Ta ja bakinta ta yi gum. In ta faɗa, aure ya mutu, zumunci ya watse, ita ma ba mai kwasarta. Ban da haka ma, me ke kai ta ɗakinsa kullum? Kuma a gyara, wace irin sakaryar uwa ce za a yi wannan a gidanta ba ta sani ba?" Zaure ya ɗauka da tafi, aka bi nata.

Yanzu ta gyara zama tana karanta sabon shafin. Yarinyar ta yi shiru kamar yadda aka zaɓa mata. A shafin, uwar tana zaune a falo kusa da firijin da aka ɗaure ƙofarsa da tsohon ɗankwali. Uwar Sharhi ta yi 'yar dariya, ashe ba ita kaɗai ke da irin wannan firijin ba. Ta ci gaba. Uwar tela ce, akwai tabon dutsen guga a wuyan hannunta na hagu. Ba ta ɗago daga waya ba ta ce, "Mamana, miƙa wa Baffanki abinci, ina tsakiyar karatu."

Ta dubi wuyan hannunta. Ta sake karanta layin. Mamana, haka take kiran 'yarta ta fari, mai sunan mahaifiyarta, yarinyar da ko shekara goma sha shida ba ta cika ba. Baffa kuwa ƙanen mijinta ne, shekara biyu ke nan yana zaune a ɗakin ƙofar gidansu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Maƙwabciyar shagonta ta leƙo. "Lafiya? Allura ce?"

Ko shagon ba ta rufe ba, ta fita da takalmi wari da wari.

* * *

Ta tarar da yarinyar a ɗaki tana ninke kayan makaranta, tsohuwar wayar da ta bar mata tana kan katifa. Sai yau ta ga yadda wuyanta ya rame. Yaushe rabon da ta kalle ta da kyau? Ta kasa tunawa, tsoro ya kama ta.

"Mamana." Uwar ta nuna mata shafin a wayarta. "Ke ce 'Yar Tsako?"

Yarinyar ta dubi shafin, ta ci gaba da ninke riga.

"Ƙirƙira kika yi, ko? Ce min ƙirƙira ce, don Allah."

"Na san ba kya barin shafi ya wuce ki, Mama. Shi ya sa na rubuta a can."

"Me ya hana ki zo ki same ni? Ni fa na haife ki!"

"Ai na tambaye ki." Ta ɗago ido a karon farko, babu hawaye ko ɗigo. "Kika ce ta yi gum."

Uwar ta zube a bakin katifa. Wayar na ta ƙara a hannunta, mutanen zaure ne: Uwar Sharhi ina kika shiga, shafin yau ya yi zafi, ke muke jira.

Ƙofar gida ta yi ƙara. Aka yi sallama da murya mai fara'a, mukullin babur na kaɗawa.

"Matar Yaya, sannu da gida! Yunwa fa nake ji. Turo min 'yar tawa da abinci."

Kafin uwar ta motsa, yarinyar ta riga ta ajiye rigar, ta zura silifas.