Gaurakan Mai Agogo

Ni dai tsuntsu in ba a faranti na gan shi ba, ban san sunansa ba. Amma ga ni tun hantsi a bakin tafki, laka ta ƙwace mini takalmi ɗaya, ina riƙe da madubin hangen nesa na maƙwabcina, ina zare ido kamar na san abin da nake nema.

Mai Agogo muke ce masa, don shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a shagon da ke jikin gidana. Aikin ya cinye masa ido, tsuntsaye suka cinye masa ranakun hutu. Yana da wani littafi da yake rubuta duk tsuntsun da ya gani, kuma ba ya sa alƙalami sai ya tabbatar. Shekara goma sha tara rabonsa da gauraka. Da likita ya ce a mai da shi gida ya huta, irin hutun nan da kowa ya gane, abin da ya roƙi 'yarsa ke nan: a kai shi tafki. Ni ke da mota a layinmu, in dai za a tura ta.

Yana zaune a kujerar roba, bargo a gwiwa, ni ne idonsa.

"Me ka gani, maƙwabci?"

"Wasu farare, Baba."

"Balbela ke nan. Ko jikata ta san su."

Haka muka wuni. Na ce ga wani mai dogon baki, ya ce zalɓe ne, kuma tun ɗazu wannan ɗayan nake ta ƙirgawa. Kafin la'asar bayana ya ƙage, yunwa ta sa har balbelun sun fara ba ni sha'awa, 'yarsa ta kira sau uku. Tarinsa kuwa sai ƙaruwa yake, amma ya ce ba inda za shi.

Can ya yi shiru, ya karkatar da kai. Na ɗauka jikin ne. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ga shi can."

Na zayyana masa hoton gaurakan da ke manne a bangon shagonsa, wanda na shekara ashirin ina kallo: dogon wuya, farin kunci, da tuntu a ka kamar tsintsiyar zinariya. Ya tambayi guda nawa, na ce ɗaya, don ko a ƙarya ba na son haɗama. Ya tambayi ta ina, na ce ta dama, bayan ciyawa.

Ya miƙo mini hannu. Sannan ya karɓi littafin, ya kai shi har hanci, ya yi rubutu.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Mu tafi gida."

Kwana huɗu ya ƙara. Ya cika da safe, 'yarsa na ɗora masa ruwan wanka. Na yi kuka daidai gwargwado, kuma a raina ina jin cewa tun da nake ban taɓa yin ƙarya mai amfani kamar wannan ba. Har matata na ba labari, sau biyu.

Bayan mako guda 'yar ta kira ni shagon. Agogunan bango duk sun tsaya, kowanne a lokacinsa, don ba mai murɗa su. Ta miƙo mini madubin da littafin, ta ce ni ya bar wa.

Na buɗe shafin ƙarshe a tsaye. Rubutun ya karkace, yana hawa kan layi:

"Gauraka biyu. Na ji kukansu sau uku, ta hagu, kusa ƙwarai. Maƙwabci yana kallon dama."