Wanda Za a Sa a Gefe

Mai Hoto yana durƙushe a harabar kamfanin yana ɗaure ƙafar kyamara, sai ga takalma masu tsini sun tsaya a gabansa. Sakatariya ce. Ta dubi jakarsa da ta koɗe, ta taɓe baki.

"Baba, kai ne mai ɗaukar? Na zaci yaro za a turo mana."

"Yaran suna can suna ɗaukar kansu da waya, 'yata."

Ta rage murya. "Ka ga wancan dogon, mai kula da sito? A gefe za ka sa shi. Can ƙarshe, ka bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Ka dai gane."

Ya gane mana. A cikin sana'ar nan ya yi furfura. Duk wanda aka ce a sa a gefe an gama da shi, shi ne kawai labari bai iske ba. Ya sa direbobi a gefe, ya sa mataimakan shugabanni, har wani ango da dangin amarya suka ga ba zai daɗe ba. Daga baya a datse wajen, hoto ya fito tsaf kamar ba a taɓa haihuwar mutum ba. Abin bai taɓa damunsa ba. Mutanen da ke tsotse ciki su riƙe numfashi saboda takarda, me za ka ji a kansu?

Sai dai Dogon nan mijin 'yarsa ne. Dogon ne ma ya samo masa wannan aikin ɗaukar hoton, ya kuma ɓoye alaƙarsu don kada a ce ya yi son kai. 'Yar tana gida da jariri, ga babban ɗansu an sa shi makaranta.

Ba wai yana ƙaunar surukin ba ne. Mutum ne da ke fara dariya tun babba bai gama ba da labari ba. Ga shi can ma yana goge kujerar Manaja da hankicinsa, yana hura ta.

Ma'aikata suka fito suna gyara wuyan riga. Akanta ya ɓoye tumbinsa a bayan wata mai shara. Mata biyu da ba sa ga maciji suka rungumi juna. Manaja ya iso a ƙarshe, ya zauna ya baje, ya ɗaga haɓa kamar za a buga fuskarsa a jikin kwabo. Dogo kuwa, ba a ma ce masa ba, ya je can ƙarshe ya tsaya, hannu a baya.

Mai Hoto ya leƙa kyamara, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya ɗago.

"Kai, Dogo! Kana tare mini haske. Dawo tsakiya, bayan Yallaɓai."

"Ni?"

"Akwai wani mai tsawon falwaya a nan in ba kai ba? Matso. Ɗora hannu a kafaɗarsa."

Aka yi dariya. Dogo ya ɗora hannun a hankali, kamar mai taɓa tukunya mai zafi. Murmushin Manaja ya sandare. Sakatariya ta zabga wa tsohon harara, shi kuwa ya danna, ya sake dannawa, ya ce an gama.

Ta kira shi ofishinta, ta karɓi katin kyamarar ta cusa a kwamfuta.

"Tsoho, kai a ganinka wayo ka yi?"

Ta zagaye Dogo da ɗan layi, ta danna. Kafin ya ƙifta ido mutum ya ɓace, fentin bango ya cike gurbinsa, har da inuwar taga. Mai Hoto ya ƙura wa allon ido. Ashe yanzu ko tsakiyar ma gefe ce.

Yana shirin juyawa idonsa ya sauka a kafaɗar Manaja a cikin hoton. Yatsun suna nan, dogaye, da ƙurar sito a gindin farce, sun dafa farar riga, ba hannu ba mai hannu.

Manaja ya shigo ya sunkuya a kan allon. "A rage mini wannan naman wuyan," ya ce. "Ba haka nake ba." Sakatariya ta rage, ta ɗan ƙara wa kanta haske. Akanta ma ya leƙo, ya nemi kansa, ya samu, ya fita. Ba wanda ya dubi wani wuri sai fuskarsa.

"To, gwani," in ji ta, tana murguɗa baki, "idon sana'a ya ga wani gyara?"

"Ko ɗaya, Hajjaju. A wanke shi babba, a kafa a bakin ƙofa inda baƙi za su gani."

A waje Dogo yana jiransa, ya riga ya saɓa jakar tsohon a kafaɗa, baki har kunne.

"Baba, ka ga Yallaɓai bai ture hannuna ba? Wallahi ina ganin ƙarin girma na tafe. Bari in kira maman yara in gaya mata. Za ka wanke mana ɗaya mu rataya a falo, ko?"

Ya zaro waya. Mai Hoto ya dubi wannan fuskar da bai taɓa so ba, ya ga jaririn ma irin hancin ya ɗauko. Ya miƙa hannu ya rufe wayar.

"Kada ka kira ta tukuna. Ajiye jakar."

Akwai benci a gindin katanga, kusa da ɗakin maigadi. Ya nuna masa.

"Zauna nan."

Dogo ya zauna, ya miƙe baya, ya haɗa gwiwoyi, yana jiran a ce ya yi murmushi. Mai Hoto bai ce ba. Ya zauna kusa da shi, yana neman ta inda zai fara gaya masa.