Hotunan Faruk

Kwana goma sha tara ke nan da jirgin ruwa ya kife da Faruk tsakanin Warra da Yelwa, kuma matarsa Asma'u ba ta da hotonsa ko ɗaya. Abin yana ci mata rai, domin 'yarsu Mufida shekararta biyu kacal, nan gaba kaɗan fuskar ubanta za ta ɓace mata.

Faruk ma'aikacin kula da kamun kifi ne. Ya bar kwamfuta a ɗaki, inda yakan zuba hotunan da yake ɗauka da kyamarar ofis. Sai dai mutumin nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son abu mai sauƙi ba. Wata manhaja mai wuyar sha'ani, wai ita Linux, ya sa mata. In ka kunna, baƙin allo ne zai tare ka yana neman suna da kalmar sirri. Asma'u ta gwada sunanta, ta gwada na Mufida, har ta gaji.

Tana takaba. Ba ta fita, baƙon namiji kuma ba ya shigo mata ɗaki. Dole aka jira ƙanenta Zaharaddeen, malamin kwamfuta a Sakkwato, ya samu hutu.

Ranar da ya iso ko fura bai sha ba. Ya tada injin da wani faifai, ya buɗe fayil ya mai da lamba uku biyar don injin ya daina tsayawa a baƙin allon, ya rubuta sunan Faruk a wani wurin don ya daina neman kalmar sirri.

"Yaya, daga yau maɓalli ɗai za ki dannawa. Ba ta ƙara tambayarki komi."

"Kai dai buɗe min in gan shi," in ji ta.

Ya sake kunnawa. Baƙin allon ya wuce, shuɗi ya bayyana da 'yan akwatuna jere. Suka fara dubawa. Giwan ruwa a kan sikeli. Masunta suna jan taru a Shanga. Kwale-kwale, kwale-kwale, har ya ishi mutum. Can sai ga Asma'u tana tankaɗe, ba ta ma san an ɗauka ba. Ga Mufida cikin baho tana tsala ihu. Ga Asma'u kuma, tana dariya ta kare baki da mayafi.

Suka kai ƙarshe, suka sake bi daga farko. Babu Faruk.

"Yaya," Zaharaddeen ya ce a hankali, "ai shi ka ɗaukar hotunan."

Ta yi kuka sosai, shi kuma bai hana ta ba. Da ta share fuska sai ta jawo Mufida kan cinyarta, ta koma hoton farko.

"Zo ki ga abin da Babanki yake kallo."