Namijin Dabinon da Aka Tumɓuke

…Talata ce, kada wani ya sake ce mini Laraba. Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ƙarfe tara da minti ashirin na safe. Ranar aka fara. Na rubuta a takardar koke ta farko, na rubuta a ta shida, ga shi kuma a ta sha ɗaya da ke aljihuna, gumi yana neman jiƙa ta. Ni Hafnawi, shekara talatin da shida ina riƙe da alli a garin Tuzar, ba a taɓa kama ni da kuskuren kwanan wata ba. Yau kwana arba'in da uku.

Kujerar roba suka ba ni. A bakin wurin aikin, jikin kwantenar da suke kira ofis. Ƙafarta ɗaya a karye, an ɗaure da waya. Mai gadi ya ce, "Ammi, zauna a hankali, ta kayar da waɗanda suka fi ka nauyi." Ammi, wai baffa! Kamar tare muka yi kiwo da ubansa…

Kai nake jira, Munsif. Injiniya Munsif, wai. Aji huɗu, bencin ƙarshe, kusa da taga. Na san ka tun kana lasar majina.

Santimita tamanin. Na auna da igiyar awo, na sake aunawa, na kira shaidu biyu na auna a gabansu. Namijin dabinon nan santimita tamanin yake a cikin gonata daga kan iyaka. Kamfaninku ya sayi gonar maƙwabta don ya gina otal na uku — to, su da abinsu, ban ce uffan ba. Amma fegi ƙafa gare shi? Da kansa ya taso ya tsallako mini? Na je sayen burodi, na dawo a kan keke, sai rami. Rami mai faɗin ɗaki. Ga motar ɗaga kaya can tana tafiya da shi a kwance, an naɗe saiwarsa da buhu, kansa yana jan ƙasa, yana share musu titi. Kakana ne ya dasa shi. Na bi su ina danna ƙararrawar keke… ƙararrawar keke, a bayan katafila! Leburori suna ɗaga mini hannu.

Ga shi can. Daga nan ina ganinsa. Na bakwai a jerin sha biyu da suka kafa a ƙofar otal, kamar sojojin da aka kamo. Duk maza. Na tambayi yarinyar ofis dalili, ranar takarda ta uku, ta ce, "Baƙi ba sa son dabino yana faɗo musu a kan tayil, ƙuda yake kirawa." Ka ji! A garin dabino, dabinon da ba ya haihuwa ake nema. Su zo daga ƙasashen sanyi su ɗauki hoto a gindinsa, su koma su ce sun ga hamada.

Ko dasawar ba ku iya ba. Wa ya taɓa cire dabino bai shafa farar ƙasa a ɓangaren da ke kallon gabas ba? Shekara tamanin yana karɓar rana ta kafaɗa ɗaya, kun juya masa baya zuwa gare ta. Kun binne wuyansa. Kun zagaye shi da siminti, kun ba shi ruwa ta wani siririn tiyo kamar mara lafiya a asibiti. Sifili. Sifili bisa ashirin, da jan biro, da layi biyu a ƙasa. Kai da aka haifa a gindin dabino, Munsif? Ba ka sani ba ne, ko ka sani?

Amma ya yi fure. Duk da haka ya yi. Jiya na hango daga titi, na tsaya, keke ya kusa faɗuwa da ni. Kuben fure biyu, ɗaya ya tsage, farin nan ya leƙo. In iska ta juyo ina jin ƙamshin, kamar ƙullun burodi kafin a sa a wuta. Ko hancina ne ke yi mini ƙarya… a'a. Shi ne.

Mata arba'in da ɗaya gare ni a gona. Tara sun buɗe tun Lahadi. Macen dabino in ta buɗe, kwana uku take jira, huɗu in ta yi haƙuri, a hau a soka mata zaren furen namiji a ɗaure. In ba a yi ba, shi ke nan, sai 'ya'yan banza marasa ƙwallo, waɗanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Lahadi, Litinin, Talata… yau Laraba. Ba don wannan na zo ba. Don haƙƙina na zo. Don santimita tamanin.

A watan nan da, ƙofar gonarmu ba ta rufuwa. Kowa da tsummansa a hannu. "Si Hafnawi, mun zo neman albarka." Furen namiji ba a hana shi, haka muka taras, wanda yake da shi ya ba wanda ba shi da shi, ko da ba sa ga maciji. Rabin dabinon unguwarmu 'ya'yan wancan ne da ke tsaye a ƙofar otal an ɗaure masa ganye da igiya. Yanzu ni zan je kasuwa in sayi ƙullin furen da ban san ubansa ba? Ko in ɗauki tsumma in buga ƙofar wani? Ni?

A wurin shan gahawa sun samu abin yi. Si Tayyib, tsohon mai raba wasiƙa, wanda bai taɓa kai wasiƙa ranar da ta iso ba — "Si Hafnawi, an ce namijinku ya samu aiki a otal? Sun ba shi kaki?" Dariya. Wani daga can baya: "Ya bar maka zawarawa arba'in da ɗaya, kai ne waliyyi!" Dariya har da buga tebur. Rabinsu ni na koya musu rubuta sunansu. Jakuna. Da furfura, amma jakuna.

Mabruka matata, da kina raye da kin ce, "Hafnawi, ajiye jan biron nan ka ci abinci." Ba na jin yunwa. Ki bar ni.

Ƙarar nan… injin kwaɓa siminti, injin yankan tayil, guduma. Garin duk ya zama haka. Kowane lungu an kafa katakai, kowane tsohon gida an fasa masa ciki an mai da shi masauki. Su zuba kankare, sannan su manna ƙananan tubalan nan namu masu ruwan ƙasa a fuska, wai ginin gargajiya. Kwalliya a kan gawa. Yaran da na koya wa raba lamba suna naɗa rawani suna jan raƙumi don a ɗauke su hoto, ba ɗayansu da kakansa ya taɓa mallakar raƙumi. Shi ya sa ba wanda ya ga laifi. Garin da ya sayar da fuskarsa, me zai ce don an saci bishiya ɗaya?

Kullum a makare kake zuwa makaranta a watan Maris, Munsif. Na tuna. Riga duk farin gari, hannaye duk sukar ƙaya, don ka bi ubanka hawan dabino tun asuba. Dabinona, ma. Uban naka, Saghir, shi ke hau mini, shekara sha tara, yana ɗaukar ɗaya bisa biyar na amfanin. To, me ya haɗa wannan da ƙararrawar makaranta? Ƙarfe takwas ƙarfe takwas ce. Haɗa yatsu. Rula goma. Ka haɗa su, jini yana fitowa ta tsofaffin ramukan ƙaya, ba ka yi kuka ba, kana dai kallon taga. Doka ce. Ɗan gwamna ma da haka zan yi masa. Ba don rular nan ba da yanzu kana saman bishiyar wani da igiya a ƙugu. Ni na yi ka. Farar hular kwanon nan da ke kanka, ni na —

Farar mota. Shi ne. Ya yi tumbi. Tashi, Hafnawi, kada ya same ka a zaune… a'a, zauna, shi ne ƙarami. Na riga na tashi.

"Sidi! A wannan kujerar suka ajiye ka? Kai, ba ku da kunya, ku kawo wa malamina shayi!"

Sidi. Yadda suke kirana a aji. Har da sunkuyawa. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya duba, bai karanta ba, idonsa bai motsa daga dama zuwa hagu ba, na san idon mai karatu. "Har yanzu rubutunka kamar na inji, Sidi." Ya ninke ta huɗu. Aljihun baya. Zai zauna a kanta.

Faɗa masa. Santimita tamanin, fegi, shaidu biyu, sakin layi na ɗaya, na biyu, na uku, duk na haddace —

"Furen," na ce.

Wa ya ce haka? Bakina. Bakina ne ya ci amanata. Shekara saba'in da ɗaya, a gaban mai gadi.

Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon kuben nan biyu. Ya san abin da yake gani, wallahi ya sani, hancinsa ya buɗe kamar na ubansa. Ya ɗaga hannu ya kira wani mai tsani.

Zai ba ni. Ashe akwai sauran tarbiyya. Zan karɓa, ba zan yi godiya ba, nawa ne, amma zan karɓa, in na yi sauri kafin azahar tara ɗin nan —

"Sare su duka biyun. Suna shanye wa bishiya ƙarfi, garin kuma yana ɓata mana tayil. Zuba a baro."

Lauje ɗaya. Lauje biyu. Ba a riƙe ba, ba a sauko da su a tsumma ba, an sake su daga sama kamar… farin ya tashi a iska, ya sauka a kan takalman leburori. Na shekara guda. An kwashe da shebur, an jefa a baron shara, kan fasassun bulo da buhunan siminti.

Ya juyo. Ba ya murmushi yanzu. A hankali ya faɗa, kalma kalma, kamar mai ba da shifta:

"Kayan otal ne, Sidi. In fure kake so, je ka roƙi otal."

Je ka roƙi…

A'a.

Wurin shan gahawa. Tebur na kusa da ƙofa. Shekarar da aka fara otal na farko, shekarar da Saghir ya ajiye mini igiyar hawa ya tafi ɗaukar siminti, ana saura wata guda aikin fure, ya bar ni ina neman mai hawa kamar maroƙi. Sai ga shi a Maris. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Dabino uku gare shi a bayan gidansa, uku kacal. "Si Hafnawi, zare biyu kawai, albarkacin zaman tare." Akwai wani a bayansa, riƙe da gefen rigarsa, da jakar makaranta. Ban dubi wanda ke bayan ba. Na kurɓi gahawa tukuna, na tuna wannan, na kurɓa na ajiye kofi… "Je ka roƙi otal," na ce. Aka yi dariya. Si Tayyib har da tari. Na ji daɗin dariyar. Na maimaita, don na can baya su ji.

Shi ya fara! Shi ya karya alkawari. Mutum ya bar ka a tsakiyar aiki, sai ka — ai wani ya ba shi. Dole wani ya ba shi, garin cike yake da maza. Wa zai hana? Ba a hanawa. Ba wanda ya taɓa…

Ban tambaya ba. Ukun nan sun haihu a shekarar ko ba su haihu ba, ban tambaya ba. Da ya rasu ina gyaran takardun jarrabawa, guda sittin da biyu, ba a barin su.

Shekara talatin da uku kana ɗauke da kalma huɗu, Munsif? Ka yi karatu da su, ka yi aure da su, ka sa fegi ya yi tafiya da su? Kai da ba ka iya riƙe jadawalin bakwai ba?

Ya tafi. Yana magana a waya, yana nuna wa wani bango. Shayin ya iso, yana kan kujerar roba, yana karkata.

Baron yana nan. Taku huɗu. Kube ɗaya ya faɗa ta gefe, rabinsa bai taɓa siminti ba, fari tas, zai ishi tara, zai ishi sha biyar in an yi tsimi. Mai wanke injin kwaɓa yana jawo tiyo, nan zai juye ruwan. Leburori sun daina aiki. Suna kallo. Ɗaya ya fito da waya yana saita ni. Taku huɗu, in sunkuya, in sa hannu a shara a gabansu, gobe duk Tuzar ta gani…

Ba wannan ne batun ba. Batun santimita tamanin ne. An shiga gonata, an tumɓuke abin kakana, laifi laifi ne, ba ya goge wani laifi, ba a haɗa lissafi biyu a layi ɗaya. Ina da shaidu. Abin da nake nema kaɗan ne, yana sakin layi na ƙarshe, wanda ka zauna a kai: ranar Juma'a, bayan an sauko, a wurin shan gahawa, tebur na kusa da ƙofa. Ka zo da ƙafarka. Ka cire hular nan ka riƙe a ƙirji, ka tsaya a gaban kowa kamar yadda… ka tsaya dai. Ka ce an zalunci mutum a garin nan. Ka faɗi sunansa da ƙarfi, na can baya su ji.

Ruwan ya fara zuba. Taku uku ne ma, ashe.

A ba ni haƙuri a bainar jama'a. Ni za a ba. Ni, Munsif — ka ji ko? A bainar jama'a.