Ranar Da Malam Gajere Ya Sake Jan Tuta

Malam Gajere yana da shekara ashirin lokacin da Turawa suka miƙa mulki. Shi aka zaɓa ya ja igiyar sabuwar tuta a Talata Mafara, saboda kakansa ya mutu yana yaƙar Nasara da kwari da baka a ƙofar Sakkwato. Ranar har kukan murna ya yi.

Yanzu ya haura tamanin. Tun da 'yan bindiga suka hana shi noma a Tsibiri yake zaune a Mafara, gidan ɗiyarsa Khairiyya, malamar firamare.

Ana jibi bikin 'yancin kai, shugaban makarantarsu ya zo ya durƙusa, suka daɗe suna gaisawa.

"Baba, muna roƙo ka zo ka ja muna tuta, ka ba ɗalibai labari."

Tsohon ya ce, "In sun tambaye ni abin da munka samu, mi zan ce musu?"

"Ka faɗi abin da ka gani, Baba."

Ya je. Igiyar ta kuɓuce masa sau biyu, sai da Khairiyya ta kama masa. Da aka miƙa masa lasifika ya buɗe baki zai ambaci kakansa, sai sunan Sadi ya fito, ɗansa da aka harbe a gonar gero. Ya kasa ƙara komai.

Ɗalibai suka tafa don an ce su tafa. Khairiyya ta mayar da shi gida, ranar bai taɓa abinci ba.