Hoto na Uku

Tana riƙe da kwanon aman Baba wayarta ta yi ƙara. Shekara uku tana jiran wannan ƙarar: wani tauraro ya tarwatse da hasken gamma, kuma ragowar haskensa ba ya jimawa yake dusashewa.

Ta buɗe kwamfuta a gefen gadon asibitin. Na'urar hangen taurarin tana wata nahiya inda dare ya riga ya yi, daga nesa ake sarrafa ta. Hoto huɗu za ta ɗauka a jere, tana juya wani gilashi tsakaninsu, don a gane ko hasken ta fuska guda yake kaɗawa. Idan awon ya fito, digirinta ya tabbata. Idan bai fito ba, wa'adinta zai cika ƙarshen wata.

Ta ɗauki na ɗaya, ta ɗauki na biyu. Sai Baba ya sulalo daga gado, numfashi yana sarƙe masa. Ta tallafe shi, ta yi ta kiran nas har muryarta ta dishe. Sai bayan minti arba'in ta ɗauki sauran biyun.

Da yamma Farfesa mai duba bincikenta ya kira, muryarsa fal murna.

"Kashi ashirin cikin ɗari na hasken ta fuska guda yake kaɗawa. Ki rubuta yau, mu riga kowa."

"Malam, duba lokacin hotunan. Kafin na uku hasken ya riga ya ragu. Bambancin ke nan, ba wani abu muka gano ba."

"Wa zai tsaya duba lokaci?"

"Ni na duba."

"To ki rubuta cewa mahaifinki ba lafiya. Wataƙila su tausaya, su ƙara miki wata shida."

"Ban shiga makaranta don a tausaya mini ba."

Ta buɗe takardar rahoto. A gurbin sakamako ta rubuta: babu. A gurbin dalili: jinkirin mai awo. Ta aika, ta rufe kwamfutar.

Baba ya buɗe ido, bututun iska a hancinsa.

"Likitar taurari, ya mai jikin naki?"

"Ya mutu, Baba. Tun kafin a yi duniya ya mutu, yau ne dai labarin ya iso."

"Ashe ba ke kika makara ba," in ji shi.

Ta goge masa baki da gefen gyalenta. Sannan ta ƙara wa wayar sauti, ta ajiye ta kusa da kwanon.